Filin Amsa Tambayoyinku: Wai ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar yara 'yan wasa da ɗaga ƙarfe, sai na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta wadatar da sauran. Kamar kullum an cire sunaye, unguwa kawai aka bari.

Wata uwa daga Kurna: Salam Likita, dan Allah shawara nake nema akan yarona, shekararsa 14 yana buga ƙwallo a wata ƙungiya ta unguwa, to kwanan nan shi da abokansa sun haɗa wani ƙarfe, siminti suka zuba a gwangwanayen fenti guda biyu suka soka rodi a tsakiya, kullum bayan la'asar suna zaure suna ta ɗagawa. Kakarsa tace in hana shi dan wai zai tsumbure ya ƙi tsawo, babansa kuma yace in ƙyale shi gara wannan da zaman majalisa, ni na rasa ta wa zan ɗauka.

Wa'alaikumussalam Hajiya. Ki ɗauki ta babansa, amma da sharaɗi, kuma a cikin sharaɗin ne za ki ga inda tsoron kakarsa yake da tushe.

Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro, na cinya ne ko na ƙwauri ko na hannu, akwai wani faifai na guringuntsi, daga nan ƙashi yake ƙara tsawo, kuma bai kai sauran ƙashin ƙwari ba sai lokacin da ya rufe, mata wajen shekara 14 zuwa 16, maza wajen 16 zuwa 18, wani ma ya ɗan wuce. Tunanin mutane shine nauyi zai danne wannan faifan ya hana shi aiki. To an daɗe ana bibiyar yaran da suke atisayen ƙarfi ƙarƙashin kulawa ana gwada tsawonsu da na waɗanda ba sa yi, ba a ga ya rage musu tsawo ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto akan haka a 2020, ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar tace yara 'yan 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki kamar minti 60 a rana, kuma aƙalla kwana 3 a mako a haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka da ƙashi. Kinga kenan ba hanawa suka yi ba, so ma suke a yi. In ma nauyin ne abin tsoro, ai duk tsallen da ɗanki ya yi ya sa wa ƙwallo kai ya diro, ƙarfin da ke ratsa gwiwarsa ya ninka nauyin jikinsa, kuma babu wanda ya taɓa cewa ƙwallo na gajarta yaro. Tsawo gado ne daga iyaye, sai abinci da lafiya su taimaka ya kai inda Allah ya rubuta masa.

Abin da ke ruɗar mutane shine sukan ga manyan 'yan ɗaga ƙarfe gajeru sai su ce ƙarfen ne ya mayar da su haka. Akwai Naim Süleymanoğlu na Turkiyya wanda ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1988 da 1992 da 1996, tsawonsa mita 1.47 ne kacal, amma ai gajartar ce ta taimaka masa tunda tafiyar da ƙarfen zai yi daga ƙasa zuwa sama ba ta da nisa, kamar yadda ba ƙwallon kwando ce ke sa 'yan wasanta tsawo ba, dogayen aka zaɓo tun farko. Yaran da muke gani suna dako ko turin kura tun suna ƙanana suka taso a tsumbure kuwa, ki duba cikinsu kafin ki duba kayan da ke kansu, yini suke cikin wahala babu abincin kirki babu hutu.

Yanzu sharaɗin. Ni zauren nan ne bai kwanta min ba. Ƙarfen siminti babu wanda ya san kilo nawa ne, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ba a iya rage shi dan ƙarami ko a ƙara dan babba, sannan in yara maza suka taru babu babba a wajen abin gasa yake komawa, wane ya ɗaga ni ma sai na ɗaga. A nan ake jin ciwo. Yawancin raunin da ƙananan yara ke samu wajen ɗaga ƙarfe na hannu ne da ƙafa, ƙarfe ya suɓuce ya faɗo a yatsa ko ya matse hannu, sai ciwon ƙugu na wanda ya lanƙwasa baya ya fizgo abin da ya fi ƙarfinsa. Kuma gaskiya ne in aka samu karaya a daidai faifan nan ba a gyara ta da kyau ba tana iya taɓa girman wannan ƙashin, to wannan haɗari ne ya jawo, irin wanda faɗowa daga keke ma ke jawowa. Wanda ya fi ba ni tsoro shine yaro ya kwanta akan benci shi kaɗai ya ɗora ƙarfe saman ƙirji, in hannu ya gaza a wuya yake sauka. Dan Allah wannan a hana shi yau ɗin nan. Babansa ya leƙa zauren ya gani da idonsa, a samo wani babba da ya san aikin ya riƙa tsaya musu, nauyin ya zama wanda yaro zai ɗaga sau 8 zuwa 12 ba tare da ya murguɗa jiki ko ya riƙe numfashi ba, kuma sau 2 ko 3 a mako, a bar kwana ɗaya a tsakani, ba kullum ba. In babu wanda zai tsaya musu to a ajiye gwangwanayen tukuna ya koma atisaye da nauyin jikinsa, na yi bayaninsa a amsar koci da ke ƙasa.

Wani matashi daga Ɗorayi: Likita barka da aiki. Shekarata 15 lamba 7 nake bugawa. Ni da abokina tare muka fara zuwa jim wata biyar kenan, ajinmu ɗaya shekarunmu ɗaya abu ɗaya muke ɗagawa, amma shi ƙirjinsa ya buɗe damtsensa ya cika riga ni kuwa ina nan jiya i yau, in aka haɗa kafaɗa a fili ni ake zubarwa. Wani a jim ɗin yace akwai ƙwaya da allura da zai samo min wata ɗaya zan ga canji, wani kuma yace in sayi deksa a kemis ta fi araha. Wanne ya fi?

Ƙanena babu wanda ya fi, ka bar su duka biyun, kuma ka karanta amsar nan har ƙarshe dan saƙonka ne ya fi damuna a wannan makon.

Fara tambayar kanka, abin da kake ɗagawa yau shine wanda kake ɗagawa ranar da ka fara? Na tabbata ya ƙaru. To daga ina ƙarfin ya zo tunda damtsen bai ƙaru ba? Daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka. Tsoka zare-zare ce masu yawa, kuma wanda bai saba ba ƙwaƙwalwarsa ba ta iya tashinsu duka a lokaci guda. Ka taɓa ganin 'yan dako a kasuwar Singa za su ɗora babban kaya a mota? In kowa ya ɗaga lokacin da ya ga dama kayan ko motsi ba ya yi, amma da ɗaya ya ba da murya suka cicciɓa tare sai ka ga ya tashi, alhali mutanen nan ne dai ba a ƙaro kowa ba. Abin da atisaye ke fara koya wa jiki kenan, shi ya sa yaran da ba su balaga ba sukan ƙara ƙarfi da kusan kashi 30 cikin 100 a mako 8 zuwa 20 na atisaye mai tsari, amma in ka sa tef ka auna damtsensu da kyar za ka ga bambanci.

Kaurin tsoka kuwa sai an haɗa da sinadarin maza, testosteron, wanda a lokacin balaga yake ninkawa sau 10 ko ma fiye. Atisaye yana ja wa zaren tsoka wahala, jiki ya zo lokacin hutu ya gyara shi ya ƙara masa kauri da furotin ɗin da ka ci, sinadarin nan ne ke sa ƙarin ya yi yawa har ido ya gani. Balaga kuma ba ta duba takardar haihuwa, a maza tana iya farawa tun daga shekara 9 har zuwa 14, sabida haka 'yan 15 guda biyu a benci ɗaya a aji, jikin ɗaya yana iya riga na ɗayan da shekara 2 ko 3. Duba abokin naka, ina kyautata zaton muryarsa ta buɗe, gashin baki ya fara fitowa, ya riga ya yi zuƙuwar nan da wando ke ɗagewa cikin 'yan watanni. Tsawo ne ke fara zuwa, cikar jiki ta biyo baya, kuma namiji bai gama tara tsokarsa ba sai tsakanin 18 da 25. Kai naka yana hanya, kuma in ya iso zai tarar da jikin da ya riga ya iya aikin. In dai har yanzu babu alamar balaga ko ɗaya a jikinka to ka faɗa wa mahaifinka ku ga likita, wannan ana dubawa ne a asibiti, ba a jim ba.

Allurar da aka yi maka tayi siteroyid ce, kwaikwayon testosteron. Tana kumbura tsoka, ba zan ɓoye maka ba, amma ga ɗan 15 jiki yana ɗauka an gama balaga sai ya rufe faifan girman ƙashi kafin lokaci, tsawon da ya rage maka ya tafi kenan har abada. Kaga abin da ake zargin ƙarfe da shi ashe a allura yake. Ga ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, ga fitowar nono, ƙuraje a baya da fuska, saurin fushi, illa ga hanta da zuciya, in kuma sirinji ɗaya ake zagayawa da shi ga ciwon hanta da ƙanjamau. Deksa kuwa, wato deksametazon, ita ko tsokar ma ba ta ginawa, cinye ta take yi. Ruwa da kitse take tarawa a kumatu da ciki mutum ya zaci ƙiba ce, hannu da ƙafa suna sirancewa, ƙashi yana laushi, suga da hawan jini suna tashi, garkuwar jiki tana raguwa, kuma tana rage wa yaro girma. Magani ce mai amfani in likita ya rubuta ta dan wata cuta, amma yadda ake haɗa ta cikin su sha-ka-fashe ana sayar wa yara wallahi abin takaici ne. Duk mai karatun da ya riga ya daɗe yana shanta kada ya yanke ta rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ya je asibiti a janye masa a hankali. Su garin furotin na gwangwani da kiriyatin, wani gari da ake sha dan ƙarin ƙarfi, su ma likitocin yara ba sa ba wa ɗan ƙasa da 18 shawarar sha, balle na kasuwa da ba ka san me aka zuba ciki ba.

Kuɗin nan ka kai su wajen abinci. Matashi mai tirenin yana buƙatar furotin kamar giram 1.2 zuwa 1.6 akan kowane kilo na jikinsa a rana, in kai kilo 50 ne kenan wajen giram 60 zuwa 80. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, giram 100 na busasshen wake yana da sama da 20, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 30. Ƙosai da koko da safe, garau-garau da rana a cika waken, awara, alala, ƙuli-ƙuli, fura da kindirmo bayan tirenin, kifi ko tsire ranar da aljihu ya yarda, wallahi sun isa, sai dai a rarraba su cikin yini kuma a ci tuwo da shinkafa a ƙoshi, dan in abincin bai kai ba jiki ƙone furotin ɗin zai yi ya samu ƙarfin gudu maimakon ya yi gini da shi. Sai barci, awa 8 zuwa 10 ake so ga mai shekarunka, kuma cikin barci mai nauyi sinadarin girma ya fi fita. Wanda ya dawo daga gidan kallo ƙarfe 11 ya hau waya har 1 sannan aka tashe shi asuba, ya zubar da rabin wahalar da ya sha a jim.

Kuma kai da ke buga gefe ba faɗin ƙirji ne zai hana a zubar da kai ba, ƙarfin cinya da ƙugu da ciki ne. Ahmed Musa bai cika 18 ba ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, siriri ne a lokacin, gudu da ƙafa ne makaminsa.

Wani koci da ke tirenin a Ƙofar Na'isa: Likita ina da yara 'yan ƙasa da 16, ba mu da kayan jim, tsallen kwaɗo nake sa su da hawa matakalar Dutsen Dala ranar Asabar. Me zan ƙara? Sannan akwai guda biyu da ke kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa har wajen ya ɗan yi tudu.

Koci sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Rashin jim ba matsala ba ce a wannan matakin. Sikwat, wato a durƙusa kamar za a zauna a kujera a miƙe, da ƙafa biyu sannan da ɗaya in sun ƙware, taku mai nisa a sauke gwiwar baya, firesof, jan jiki sama a ƙarfen raga in yana da ƙwari, dogarawa akan gwiwar hannu a miƙar da jiki a riƙe, waɗannan sun taɓa kusan ko'ina. Ka fara da zagaye 1 ko 2, idonka akan yadda ake yi ba akan yawan da aka yi ba, gwiwa kada ta faɗa ciki, baya kada ya lanƙwashe, kuma duk lokacin da za ka ƙara wahala kada ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Ka nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ a intanet, kyauta ne, minti 20 yake ci, ba ya son komai sai ƙwallo da fili. Da aka gwada shi a ƙasar Nowe akan 'yan mata 'yan ƙwallo masu shekara 13 zuwa 17, binciken da ya fito a 2008 ya nuna rauni ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A ciki akwai wanda yaro ke durƙusawa abokinsa ya danne masa dugadugai shi kuma ya riƙa sulalowa gaba a hankali, maganin tsagewar tsokar bayan cinya kenan. Sai dai a ɗore, in aka bari wata 2 ko 3 ƙarfin da aka tara yana zubewa.

Yaran nan biyu kuwa bayaninka ya yi kama da abin da ake kira Osgood-Schlatter. Ƙashin cinya da na ƙwauri suna tsawo da sauri, tsokar gaban cinya ba ta kamo su ba sai ta ɗaure, jijiyarta ta riƙa jan inda ta manne a saman ƙwauri wanda har yanzu guringuntsi ne. Yana wucewa da kansa in girma ya tsaya ko da tudun ya zauna, amma yanzu a cire su daga tsallen kwaɗo da matakalar Dala, a rage musu gudu, a sa ƙanƙara a tsumma bayan wasa, a riƙa miƙar da cinya a hankali. Kada a murza wajen da ƙarfi kuma kada a tsaga. Tsallen kwaɗon ma gaba ɗaya ni ba na son a mayar da shi horon wanda ya makara, yaron da kullum da atisaye ake hukunta shi tsanarsa zai yi. Shawarata ka samu bango ka riƙa auna tsawonsu duk wata 3, wanda ka ga yana zuƙuwa ka sassauta masa tsalle, kuma wajen haɗa su gwajin ƙarfi ka duba girman jiki ba shekaru kaɗai ba. In gwiwa ta kumbura, ko yaro yana ɗingishi, ko ciwon na tashinsa cikin dare, ko yana jin sa har ƙugu, a wuce Asibitin Ƙashi na Dala kai tsaye. Mai sikila, mai farfaɗiya, da wanda ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji a fili, likita ne zai fara ba da izini kafin kai.

Wata ɗaliba daga Gyaɗi-gyaɗi: Ina SS2, ina gudun mita 200 a makaranta, malamar wasanni tace mu fara atisayen ƙarfi amma ƙawayena suna cewa jikina zai murɗe in koma kamar namiji.

Ƙanwata ba zai koma ba. Testosteron ɗin da ke jikin babban namiji ya ninka na mace wajen sau 15, shi ya sa mace ke ƙara ƙarfi sosai amma kaurin kaɗan ne. Ke ma kin fi maza buƙata ta wani ɓangaren, dan tsinkewar babbar jijiyar cikin gwiwa ta fi samun 'yan wasa mata, ƙarfin cinya da ƙugu da koyon dira daidai ne ke rage ta, kuma mafi yawan ƙwarin ƙashin da za ki rayu da shi a shekarun nan ake tara shi. Ki kula da jini sabida al'ada, hanta, wake, zogale da alayyahu kada su yi miki nisa. In al'adarki ta ɗauke wata 3 kina cikin tirenin, alama ce abincin bai kai aikin ba, ki faɗa wa mamanki ku je asibiti.

Wani daga Fagge: In azumi ya zo a daina ne ko a ci gaba?

A ci gaba amma a rage. Da rana cikin zafin Kano babu ruwa a jiki ba lokacin ɗaga nauyi ba ne. A sha ruwa a ci abu mara nauyi, a yi ɗan atisaye kamar awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki ko bayan asham, sau 2 a mako ya isa ya riƙe maka abin da ka tara, ba watan ƙara kilo ba ne. Sahur a sa ƙwai ko wake ko nono, ruwa kuma a riƙa kurɓa tun daga magariba har asuba maimakon a ɗura shi lokaci ɗaya, in fitsari ya yi duhu sosai da safe to ruwan bai isa ba, daren da ya biyo a huta.